Sunan da Na Amsa a Bakin Get

Litinin, 23 ga Mayu 1988, bayan Azahar

Bari in fara da abin da ba mai iya musawa. Ni na fara kafa injin niƙa a garin nan, lokacin da mata ke aika hatsi har Bagwai. Ni na fara rufa ɗaki da kwano. Rijiyar da rabin unguwa ke ɗiba, ni na haƙa, ni na ɗaure bakinta da siminti. Gonar bakin rafi saye na yi, ba gado ba ce. Abin da ubana ya bar mini fartanya ce da buzun salla. A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kaina ya gaza ba, sai don babu mai tsaya mini. Ba wanda ya ɗora ni a kan komai. Ba wanda ya taɓa ce mini ungo.

Da hannun hagu nake wannan rubutu, shi ya sa baƙaƙen suka karkace. Na daman ba ya nan. Daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Iyakar abin da zan ce ke nan a yau.

Talata, da hantsi

Masu jaje ba su daina zuwa ba. Zaure ya cika tun safe. Kowa ya zauna sai ya ce in sake ba shi labarin haɗarin motar, kamar ni mai tatsuniya ne. Na faɗa musu: hanyar Zariya, taya ta fashe, ina dawowa daga harkar kwangila. Sai su kaɗa kai su ce Allah Ya kiyaye gaba, idonsu kuma yana kan bandeji. Rabinsu kallo ya kawo su, na sani.

Nababa, ƙanen matata Huseina, yana zaune a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Duk sanda na kai wajen fashewar taya sai ya yi tari. Da aka watse ya ce, "Yaya, yau tayar gaba ce, jiya ta baya ka ce. Ka tsaya a kan ɗaya."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Wasan ƙanen mata yana da iyaka.

Laraba, da yamma

An kawo mini tuwo da cokali. Na ce a fitar da shi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Wani yaro ya zo a kan babur, da farar riga 'yar shara da jaka a kafaɗa. Ya ce sunansa Kamilu, lauya ne, daga ofishin da ke tsaya wa marasa ƙarfi a shari'a ba tare da an biya ba. Na ce to ya yi ɓatan hanya, nan gidan babu marar ƙarfi.

Ya ce, "Baba, ba nan ne gidan Malam Tasi'u Iliyasu ba?"

Na ce ban haife shi ba, ya bar ce mini Baba. Na tambaye shi wa ya ba shi sunana.

Huseina ce. Ranar da ta ce mini za ta birni dubiyar innarta, ashe ofishinsu ta nufa. Matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunana ba, ko a bayan idona, sai Malam, sai maigidan. In ɗan maƙwabta sunana gare shi, wani suna take laƙaba masa. Ita ce ta zauna a gaban baƙo, a kan kujerar ofis, ta buɗe baki ta ce Tasi'u Iliyasu. Har da sunan ubana.

Yaron ya ce doka ta ba ma'aikacin da inji ya ji wa rauni a bakin aiki haƙƙin diyya, ba alfarma ba ce. Na ce wane inji? Ya dube ni, ya dubi hannun, ya ce, "Malam, mota ba ta yanka haka." Ya ce zai dawo ranar Alhamis. Ban ba shi ruwa ba.

Ban shiga cikin gida ba sai bayan Magariba.

Asabar, bayan Asuba

Tunda littafin nawa ne, zan faɗa sau ɗaya, ba don ina jin kunya ba.

Injina ya tsaya bara waccan. Ƙarfen da ya karye a cikinsa na neme shi har Sabon Gari, aka ce ba a shigo da shi kuma. Man gas ya yi tsadar da ko injin na da rai ba zai ci da kansa ba. Shekarun nan sun karya waɗanda suka fi ni. Ban je ƙofar kowa ba. Nababa yana da gurbi a wani kamfanin matsar man gyaɗa a birni, dakon buhu, ya gaji ya gudo gida, ya ce bayansa ba na jaki ba ne. Ba a ɗaukar sababbi, korar mutane ma ake yi. Na karɓi katinsa. Hoton da ke jiki ya goge, kuma ba mai duba fuskar ɗan dako.

Kowace safiya helma, shugaban leburori, yana tsayawa a bakin get yana kiran suna. In ya ce Nababa Sabo, sai in ce na'am. Ranar Asabar da yamma in wanke jikina a famfon tasha, in fito da babbar riga daga jaka, in hau mota in dawo gida a matsayin ɗan kwangila. Iyalina ba su kwana da yunwa ba. Wanda yake ganin laifi ne ya zo ya faɗa mini a fuskata.

Ranar da abin ya faru, bel ɗin injin matsar mai ne ya zame. Mai kula da injin ya tsaya yana kallonsa kamar saniya ta ga sabuwar ƙofa. Ni na san inji.

Ya isa.

Litinin, 30 ga wata, da La'asar

Nababa ya zo da shawara. Ya rufe ƙofar zaure, ya sassauta murya kamar mai sayar da maganin maza.

"Yaya, ka bar yaron nan mai jaka, tona ka zai yi. A kamfani Nababa ne ya ji rauni, a asibiti ma Nababa aka kwantar. To mene ne abin wahala? Ka ƙara zama Nababa na yini ɗaya. Likitansu ya duba dungu, ni in je da takarduna in karɓo. Ba wanda zai ji. Ka ci gaba da zama ɗan kwangilarka."

Na ce in ya karɓo fa?

Ya yi dariya. "Haba Yaya. Sunan ai nawa ne, ko ba a ba mai suna ladan aro?"

Na dubi hannayensa biyu, lafiyayyu, masu taushi kamar na amarya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, da ban ce a'a ba.

Laraba, da sassafe

An yi ruwan shuka. Duk gari ya fita. Na ɗauki sungumi na gwada a tsakar gida, ya kuɓuce ya bugi randa.

Liman ya aiko wai a haɗa mini gayya. Na ce a gode masa, gonata ba ta marayu ba ce.

Alhamis, bayan Azahar

Yaron ya dawo. Wannan karon da ruwansa ya zo a gora.

Na gwada shi da shawarar Nababa, na ce wani ne a wani gari ya shiga irin wannan hali. Ya ce, "Ku gaya wa wanin nan ba da ni ba. Zamba ce, in ta fito shi za a ɗaure. In ba ta fito ba ma, abin da aka biya na mai sunan ne, ko kwabo ya hana shi babu kotun da za ta saurare shi."

Na ce to shi mece ce tasa hikimar?

Ya ce hanya ɗaya ce. In je kotu in yi rantsuwa cewa ni Tasi'u ni ne na yi aikin, ni injin ya kama, sunan kawai na ara. Mai gari ya shaida ni ne ni. Sannan a samu mutum biyu ko uku cikin waɗanda muka yi dako tare su tsaya su ce wannan fuskar ce.

Na ce mai gari. Wato duk gari.

Ya ce, "Duk gari."

Na ce in na yi haka za a biya?

Ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Kamfani zai kama maganar aron suna, zai kuma ce ɗan dako ba shi da hurumin taɓa inji. Amma shi a ganinsa doka jikin da ya yi aikin take dubawa, kuma a kan haka zai tsaya. Ya ce akwai wa'adi, in ya wuce ko shi ba abin da zai iya.

Ka ji fa. In tuɓe rigata a tsakiyar kasuwa, a kan wataƙila. Na tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar buhu a rayuwarsa. Ya ce a'a. Na ce ya taɓa kafa wani abu da hannunsa, ko da akurkin kaji ne? Ya ce, "Malam, ba ni ne abokin faɗanku ba." Ya tattara jakarsa.

Duk wanda ya zo taimakonka, so yake ya ga ka durƙusa tukuna. Na daɗe da sanin wannan.

Lahadi, 5 ga Yuni, da yamma

Sun zo.

Su biyar, a bayan a-kori-kura, da Basiru a gaba, wanda muke kama buhu tare. Tun daga bakin kasuwa suke tambayar gidan Nababa da inji ya cinye wa hannu. Mutane suka raka su gidan Nababa. Suka same shi a gindin dalbejiya yana cin mangwaro da hannu biyu.

An ce Basiru ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Namu dogo ne, mai furfura a gemu, wanda ba ya dariya." Sai wani ya ce a nan garin mutum ɗaya ne ya rasa hannu.

Ina cikin gida na ji hayaniya. Zaurena cike da dattawa, har da liman. Na ji muryar Basiru yana kwaɗa sallama. "Nababa, mutumina, fito mana. Helma ya ce buhunan sun yi kewarka."

Sun kawo sabulu da sukari da goro, karo-karo suka yi.

Ban fito ba.

Litinin, da hantsi

Ba wanda ya zo jaje.

Talata, bayan Isha'i

Na je masallaci. Aka matsa mini a sahu fiye da yadda aka saba. Ba wanda ya yi maganar. Da ma sun yi. Wani da na taɓa niƙa wa hatsin bikin 'yarsa kyauta ya ce mini, "Sannu da ƙoƙari, Malam Tasi'u, ai neman halal ba abin kunya ba ne." Wa ya tambaye shi? Wa ya ce masa ina neman wanda zai wanke ni?

Nababa kuma yana yawo yana cewa an ɓata masa suna, yanzu ko'ina ana ce masa mai dungu. Shi aka ɓata wa suna.

Alhamis, da safe

Huseina tana ɗaure mini mazagin wando, kanta a sunkuye, ta ce, "Malam, abin da kake ɓoyewa ai ya riga ya fita. Saura me kake karewa?"

Na ce ita ta fara fitar da shi.

Ta ce, "Ni na fara. Kuma in aka ce in sake faɗar sunan a gaban alƙali, zan faɗa. Bakina bai faɗi ƙasa ba." Ta ja mazagin da ƙarfi fiye da kullum. "Mutanen nan sun bar aikin yini, sun biya mota, ka bar su a tsaye a rana. Ni na aika musu da fura don kada a ce gidan babu mutane. Yanzu su ne shaidunka. In kana da wasu, faɗa mini."

Ba ni da wasu.

Sabulunsu yana nan a kan taga. Ba na son ganinsa, kuma ban ce a ɗauke ba.

Lahadi, 12 ga wata, bayan Magariba

Na je birni. Na tsaya a gaban babbar riga na daɗe, sannan na sa ta. Tawa ce, da gumina na saya.

Suna zaune a ƙofar ɗakin hayarsu suna wanki. Basiru ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi.

"A'a, Alhaji, wa ake nema? Nan leburori ne."

Na ce ya san abin da ya kawo ni.

"Ban sani ba. Ni wani Nababa na sani, shi kuwa an ce ba ya gida."

Sauran suka ci gaba da cuɗa kaya. Ba wanda ya miƙo mini benci. Na tsaya. Na ce sunana Tasi'u. Na ce ina da injin niƙa da rijiya da gona a bakin rafi. Wani a cikinsu ya ce, "To a kawo masa tambari." Suka yi dariya. Na haɗiye. Na faɗi maganar lauya da shaida, na ce ba roƙo na zo ba.

Basiru ya ce, "To me ka zo?"

Ya matse rigar da ke hannunsa ya shanya, ya ce in biyo shi.

Muka bi bayan katangar kamfani, muka tsallake kwata, har gefen wata maƙabarta. Ya nuna mini wani wuri a gindin katanga, ƙasar ta ɗan tashi, an dasa guntun bulo.

Ya ce, "Da aka tafi da kai asibiti, mai shara zai zuba hannunka a bola tare da ƙuli. Na ce ba a yi wa Musulmi haka. Na cire shi daga bel da hannuna, na wanke, na yaga rigata na naɗe. Bayan an tashi aiki muka kawo shi nan. Muka yi addu'a, muka ce Allah ga hannun bawanKa Nababa, Ka haɗa shi da sauran jikinsa ranar tashi." Ya tofar da yawu gefe. "Ashe adireshin da muka ba da ba daidai ba ne."

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Ban yi kuka ba, kada wani ya ce na yi.

Na ce masa hannuna ne, ba na Nababa ba.

Ya ce, "Ka gaya wa Mai shi, ba ni ba."

Na ce a sake addu'ar. Ya ce shi ba liman ba ne, kuma wankinsa na jiransa. Sannan ya ɗaga hannuwansa. Ni na ɗaga ɗaya. Da ya zo wajen suna ya tsaya ya dube ni, sai da na faɗa da bakina.

A hanyar dawowa ya ce zai yi shaidar, shi da mutum biyu, ko da helma zai kore su. Ya ce ba don ni ba, don wanda zai sa hannu a bel ɗin nan gaba. Na ce ban tambaye shi dalili ba. Ya ce, "Ka ga, shi ya sa ba ka da aboki."

Talata, da La'asar

Na je wurin mai gari. Ya sa na maimaita a gaban fadawansa, wai bai ji da kyau ba. Ya ji sarai. Rijiyata gidansa ke sha.

Nababa ya aiko wai a mayar masa da katinsa. Na ce ya zo kotu ya karɓa a hannun alƙali.

Laraba, 15 ga Yuni, a barandar kotu, kafin Azahar

Ana jiran mai ba da rantsuwa, ya tafi cin abinci. Basiru da mutanensa suna gindin bishiya, sun sayi rake da kuɗin motar da na ba su. Yaron nan Kamilu ya karanta mini abin da akawu ya buga. An sa: Tasi'u Iliyasu, wanda aka fi sani da Nababa Sabo, lebura.

Na ce ba zan ɗora hannu a kan Alƙur'ani a kan wannan ba. Ba a fi sanina da Nababa ba. Ba a taɓa fin sanina da shi ba. Amsawa na yi.

Ya ce haka ake rubutawa, kalmar kotu ce, kowa haka ake sa masa. Na ce ni ba kowa ba ne, kuma shi ya ce kada a yi ƙarya. Ya dafe kai, ya ce akawu zai yi fushi, sai an sake bugawa daga farko. Na ce ya yi fushin. Ya koma ciki, ina jin ƙarar keken rubutu daga nan.

Leburan ban hana ba. Na ɗauki buhu, na ɗauka da kyau, ba wanda ya taɓa jirana a kan layi. Ko su biya ko kada su biya, wannan tsakaninsu da yaron ne da Allah. Gonar ma ta jira, ko a shuka wake.

Amma a gyara a ko'ina. A kamfani, inda helma ke kira. A asibiti, inda aka kwantar da ni. A nan kotu. Duk inda aka ce ga mutumin da injin ya kama ranar nan, a soke wancan, a sa nawa cikakke, ba a taƙaice ba, ba a cikin baka biyu ba, ba a bayan na wani ba. Tasi'u Iliyasu. Hannun nawa ne, a rubuta.